Maifai A Jakar Rifkatu

Shafi na 31

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi. Masu cika min waya da saƙo tun asuba, duk na gan ku, ku yi haƙuri, caji ne ya yi min tsiya. Ku kuma 'yan ɓangaren Tanko da kuke cewa na cika takura masa, yau babu hannuna a ciki. Ku karanta ku yi hukunci da kanku.

*

Tun daga Gyaɗi-Gyaɗi Tanko bai yi mata magana mai kama da magana ba.

Adaidaita ɗaya suka shiga kamar kullum. Rifkatu ta ce tela har yanzu bai gama rigar ba, ya ce "uhm". Ta ce Mama ta sa an sauke labulen falo an wanke saboda baƙin gobe, ya ce "uhm". Sai da suka kusa kasuwar Tarauni ta ɗan zungure shi da jaka.

"Datar maifai ɗin nan ta ƙare tun jiya fa. Na dai bar shi a kunne, in ka saka zan gani."

"To."

"To kawai?"

"Me kike so in ce?"

Ta dube shi, ta kau da kai. Rifkatu ba mai jan magana a cikin mutane ba ce.

Ku duba min lamarin bawan Allahn nan. Yau Juma'a. Da safen nan kawunnansa suka taso daga Zonkwa, za su kwana a Hotoro gidan wani ɗan'uwa, gobe Asabar su shiga gidan su Rifkatu su nema masa aurenta a wajen Baba. Abin da ya shekara biyu yana roƙon Allah a kai, har da azumi. Da wani ne, da yau bakinsa ba zai rufu ba. Amma Tanko ya haɗe girar sama da ta ƙasa, yana kallon titi.

Ba komai ke cinsa ba sai kishi, kishin kuma yana da suna: Oga Ezekiel.

Tanko ne mai kula da kwamfutoci da intanet a ofishinsu na Tarauni, wata ƙungiya mai haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka. Rifkatu kuma ita ke harhaɗa rahotanni. Da can teburinta a ɗakin baya yake, kusa da ɗan lungun Tanko, inda ko tari ta yi yana ji. Da aka turo Ezekiel daga Jos ya zama shugaban aiki, sai aka ɗauko teburin aka kawo falo, dab da ƙofar ofishinsa, gefen Hajiya Rabi akanta. Mutumin ga tsawo, ga ƙamshi, ga mota, ga wata dariya da ba ta masa wuyar fita. Tun daga ranar abincin rana ya daina yi wa Tanko daɗi.

Sai kuma maganar data. Maifai ɗin nan, ɗan akwatin intanet da bai wuce sabulun wanka ba, Tanko ne ya saya mata. Shi ya raɗa masa suna da kansa, RifkatunTanko, a haɗe, ko kunya babu. Faswod ɗin ma shi ya zaɓa, sunan garinsu da na garinsu Rifkatu, ya kuma ja mata kunne ko ƙanwarta kada ta ba. A da in ya saka data sai wata ya ƙare da saura. Tunda Ezekiel ya zo, ko rabin wata ba ta kaiwa. Ya tambaye ta, ta ce ita ma abin yana ba ta mamaki. Tanko ya ce a ransa, mamaki ko? Kiran bidiyo ne ke shan data haka, kuma ba da bango ake kiran bidiyo ba. Shi ya sa wannan karon ya ƙi sakawa, wai yana so ya ga gudun ruwanta.

Da hantsi aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, ofis ya yi shiru, maigadi ya je baya yana fama da janareta. Da ya tashi, komai ya dawo, kowa ya koma kan aikinsa.

"Tanko!" Hajiya Rabi ta ƙwala daga falo. "Ɗan nan, zo ka duba min, intanet ɗina ya tafi."

"Hajiya, ki kashe ki kunna."

"Na kashe na kunna."

"Ki sake. Ina zuwa."

Bai zo ba. Yana nan zaune yana murza biro sai ga Rifkatu a bakin lungunsa.

"Oga yana kiranka. Intanet ɗinsa ya ɗauke, kuma an jima kaɗan yana da mitin ta bidiyo da masu ba mu tallafi."

"Shi ba shi da waya ne?"

"Ina kusa ne ya ce in kira ka."

"Ai kullum kina kusa."

Ta tsaya tana kallonsa.

"Tanko, lafiyarka kuwa yau?"

"Ƙalau."

Ya miƙe ya wuce ta gefenta. Ƙamshin man gashinta ya bi shi, ransa ya ƙara ɓaci, don ya san ƙamshin nan ne yake wuni a bakin ƙofar wani.

Ezekiel na ganinsa ya buɗe hannuwa.

"Ango! Ango ka sha ƙamshi! Yi haƙuri na taso ka ana gobe biki, wannan abin ne zai kunyata ni a gaban Turawa."

"Ba biki ba ne. Tambaya ce."

"To ai daga tambaya ake farawa. Zauna, zauna."

Tanko bai zauna ba. Ya jawo laftof ɗin gabansa a tsaye. Alamar waifai tana nan a ƙasan allo, amma da ɗan gargaɗi a jikinta: an haɗu, babu intanet. Ya buɗe shafi, ya ƙi buɗewa. Ya zaro wayarsa ya gwada, intanet ɗin ofis na gudu lafiya lau.

"Yaushe ya fara?"

"Da aka ɗauke wutar nan. Kafin nan ina ta aika saƙonni."

"Ka taɓa wani abu?"

"Ni? Ni da ko firinta sai Rif ta danna min?"

Rif.

Tanko ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi a ƙeya. Duk duniya shi kaɗai yake kiranta Rif. Ko Mama da ta haife ta Rifkatu take cewa, cikakke.

Ya haɗiye, ya kashe laftof ɗin, ya kunna. Abin yana nan yadda yake. Ya fita falo, ya ja kujera ya hau, ya leƙa rautar da ke maƙale a bango, wadda ke raba wa ofis intanet. Fitilunta duk kore. Ya taɓa wayoyin bayanta ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta saki. Don haushi ya zare ta daga wuta ya mayar, ma'aikata suka hau gunaguni, wani ya ce yana tsakiyar tura fayil.

"Ku yi haƙuri, yanzu zai dawo."

"Tanko, nawa fa?" in ji Hajiya Rabi.

"Hajiya, ina zuwa na ce."

Daga saman kujerar yana hango cikin ofishin Oga. Rifkatu ce ta shiga da kofin shayi.

"Cokali ɗaya na sa, Oga, kamar kullum."

"Allah ya yi miki albarka."

Kamar kullum! Tanko ya kusa zamewa daga kan kujera. Ashe har ta san cokalin sukarinsa. Shi da suka shekara biyu tare, ran nan ma sai da ta tambaye shi ko yana shan madara.

Intanet ya dawo wa masu gunaguni. Ya koma ciki, na Ezekiel ko gezau.

Ezekiel ya fara duba agogon hannunsa.

"Tanko, lokaci fa. Ko in ari naka?"

"Takardunka suna cikin wannan. Bari."

Ya buɗe baƙar tagar nan da masu aikinsu ke rubuta umarni a ciki. Ya aika wa rautar ofis saƙon gwaji, irin ƙwanƙwasa ƙofa a ji ko za a amsa. Shiru. Ya sake. Shiru. Abin ya ɗaure masa kai, don ga rautar can yana hango fitilunta daga inda yake tsaye. Sai ya nemi laftof ɗin ya nuna masa lambar adireshinsa. Duk na'urar da ta hau layin ofishin nan, rauta ce ke ba ta lamba, kuma Tanko ne ya tsara su da hannunsa, duk da goma suke farawa. Wannan kuwa da wata lamba daban ta fara.

"Wannan lambar ba ta gidan nan ba ce," ya faɗa a hankali.

"Me kenan?"

"Laftof ɗinka ba a kan layin ofis yake ba. Wani wajen ya je ya maƙale."

"Ikon Allah. Ina kuma?"

Ni dai na ce, Tanko, abin da ko mai koyon gyara zai fara dubawa kenan, sunan layin da aka hau. Amma mutumin da idonsa ke kan kofin shayi ina zai ga suna? Sai yanzu ya kai yatsa ya danna alamar waifai ɗin.

Sunan ya fito ɓaro-ɓaro a saman allo.

RifkatunTanko. An haɗu.

Tanko ya daina jin ƙarar janareta.

Ezekiel ya leƙo ta kafaɗarsa, ya karanta da ƙarfi.

"Rifkatun... Tanko. Kai! Soyayya har a waifai? Gaskiya kun iya."

Ya ƙyalƙyale da dariyar nan tasa. Da ya san abin da dariyar za ta jawo, da ya haɗiye ta da shayin.

"Oga." Muryar Tanko ta sauya. "A ina ka samu?"

"Na samu me?"

"Faswod ɗin."

"Wane faswod? Ni yau na fara ganin sunan nan."

"Laftof ba ya hawa layin da bai sani ba. Sai an taɓa zama an rubuta masa faswod da hannu. Aikina ne, kada ka mayar da ni yaro."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Ezekiel.

"Tanko, me kake nufi?"

Tanko ya juya ga teburin. Ya ɗauki laftof ɗin a buɗe, ya fito da shi falo, ya dangwarar a kan teburin Rifkatu, a kan rahoton da take dubawa.

"Karanta."

Ta duba, ta ɗago.

"Maifai ɗina ne. Yaya aka yi ya..."

"Ni kike tambaya?"

"To wa zan tambaya? Kai ne mai intanet."

"Mutum nawa suka san faswod ɗin nan?"

"Ni da kai."

"Ni da ke. To ga na uku."

Masu danna kwamfuta suka tsaya, hannuwa a sama. Hajiya Rabi ta sauke tabaranta.

"Tanko," Rifkatu ta ce ƙasa-ƙasa, "mu je waje mu yi magana."

"A nan za mu yi. Ai a nan ake kai shayi."

"Don Allah ka rufa min asiri."

"Asiri? Au, akwai asirin kenan?"

"Ba haka nake nufi ba, kai ma ka sani."

"Ban san komai ba! Ni ne wawan da bai san komai ba! Ina saka miki data, wani yana sha. In tambaye ki, ki ce abin yana ba ki mamaki. A ina kuka zauna kika rubuta masa? A mota? Ko gidansa na Babban Giji? Ranar da kika ce min kina wajen koyon waƙa a coci, can kika je?"

"Yesu!" wata daga baya ta faɗa, ta toshe baki.

"Kai Tanko, ka ji tsoron Allah," in ji Hajiya Rabi. "Yarinyar da gobe za a je tambayar aurenta kake wa wannan a gaban jama'a? Rage murya, ofis ne nan."

"Hajiya, ki bar ni. Gara in sani yau da in sani bayan an ɗaura."

Ezekiel ya fito ya tsaya a bakin ƙofarsa. Babu ko ɗigon wasa a tare da shi yanzu.

"Tanko, ka saurare ni da kyau. Ina da mata da 'ya'ya a Jos. Rifkatu ƙanwa na ɗauke ta, ko lambar gidansu ban sani ba."

"Mata a Jos ta taɓa hana wani abu a Kano?"

Kai jama'a. Wannan magana ko ni da nake ba ku labari sai da na ji kunyarta.

Ezekiel ya yi taku ɗaya, ya tsaya, ya cusa hannuwansa a aljihu don kada su yi abin da bai sa su ba.

Rifkatu kuwa ba ta yi kuka ba. Tanko ya so ta yi, don da ta yi kuka da ya san yadda zai ɗauke ta, ko mai laifi ko mai neman tausayi. Amma zama ta yi tana kallon sunan nan a allo, tana kallo, kamar mai ƙoƙarin tuno inda ta ajiye makulli. Can sai ya ga fuskarta ta canza. Ta miƙe a hankali.

"Ka gama?"

"Ki ba ni amsa."

"Zan ba ka. Hajiya, don Allah tun ɗazu me kike ta kiransa ya duba miki?"

"Intanet ɗina mana. Ya ce in kashe in kunna, har na gaji."

"Tun yaushe ya tafi?"

"Tun da aka ɗauke wuta."

"Juyo masa da laftof ɗin."

Hajiya ta juyo da shi. Baƙi ne, iri ɗaya sak da na Oga.

"Danna," in ji Rifkatu. "Inda ka danna a nasa."

Tanko ya matso. Bai so ya danna ba. Amma ido ya yi masa yawa, shi ya tara su kuma. Ya sunkuya, ya kai yatsa.

RifkatunTanko. An haɗu.

"Innalillahi," in ji Hajiya Rabi. "Ni kuma? Me ya kai ni?"

"To Tanko," Rifkatu ta ce, muryarta ba ta ko rawa, "ita ma Babban Giji na bi ta? Ko Hajiya ce nake kira ta bidiyo?"

Ya zuba wa allon ido, ita kuwa ta ci gaba.

"Ka tuna ranar da masu aikin kwalbati suka tsinke wayar intanet ɗin layin nan? Da damina. Oga ko Kano bai zo ba lokacin. Ranar da sababbin laftof suka iso a kwali."

Ya tuna.

Wayyo, ya tuna, kuma gaba ɗaya abin ya faɗo masa. Masu fita ƙauye za su tafi da sassafe, dole a saita musu laftof a ranar, ofis kuma babu intanet. Shi da bakinsa ya ce, Rif, ara min maifai ɗinki. Ya jera su a kan dogon teburin mitin, duk baƙaƙe iri ɗaya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rubuta faswod, yana danna ɗan akwatin nan da ke cewa laftof ya riƙa hawa da kansa, don kada ya yi ta maimaitawa. Ya ce in ya gama zai goge. Hadari ya haɗo, suka fita da gudu neman adaidaita. Bai goge ba. Masu ƙauye suka tafi da nasu, aka ba Hajiya ɗaya, ɗaya ya zauna a sito har ranar da Ezekiel ya zo aka miƙa masa.

Sauran kuwa ba ya buƙatar kowa ya yi masa bayani, aikinsa ne. Duk sanda aka ɗauke wuta rautar ofis takan mutu kafin janareta ya tashi. Maifai kuwa batir gare shi, yana nan a kunne cikin jakar Rifkatu, a ƙarƙashin teburin da aka kawo tsakanin Hajiya da ƙofar Oga. Laftof biyun nan sai su yi tsalle su kama shi, su wuni a kai suna zuƙar data. Babu wanda ya taɓa lura, don intanet bai taɓa yankewa ba. Yau ya yanke ne saboda wani mai wayo ya ƙi saka data, yana so ya ga gudun ruwan wata.

"Da yatsunka ka rubuta," in ji Rifkatu. "Har kana cewa ko cikin barci za ka iya rubuta shi. Ranar ce kaɗai na taɓa fashin koyon waƙa, Tanko, kuma saboda kai ne. Shugabar mawaƙa ta wanke ni tas a gaban yara. Ni na fita cikin yayyafi na sayo mana awara, kana ci kana dannawa."

"Rif..."

"Sunana Rifkatu."

Ta sunkuya ta jawo jakarta, ta zuge, ta fito da ɗan farin akwatin. Ta danna maɓallinsa ta riƙe har fitilar ta mutu.

Ba a ɗauki lokaci ba laftof ɗin Hajiya ya koma layin ofis, ya yi ƙara. Na Oga ma ya amsa, saƙonni suka fara shigowa a jere, ƙil, ƙil, ƙil, a cikin falon da ko numfashi ba a ji.

"Ga intanet ya dawo," in ji Hajiya Rabi a sanyaye. Babu wanda ya yi murna.

Ezekiel ya zo ya ɗauki laftof ɗinsa daga kan rahoton. Bai kalli Tanko ba.

"Rifkatu, ki yi haƙuri. Ki tafi gida in kina so, rahoton zai jira." Ya juya. "Kai kuma in na gama mitin ina son ganinka."

Ya shiga, ya rufe ƙofa.

Tanko ko a jikinsa maganar Oga. Aiki ne, in ya tafi wani zai zo. Ita yake kallo, tana haɗa takardunta, tana saka biro a jaka, a natse, kamar ranar aiki ta ƙare lafiya.

"Rifkatu, na yi kuskure. Shaiɗan ne. Wallahi son da nake miki ne ya..."

"Kada ka sa so a cikin wannan."

"Ki saurare ni."

"Na saurare ka ai. Duk ofis sun saurare ka." Ta rataya jaka. "Ba tambayar ce ta yi min ciwo ba. Da a adaidaita ka tambaye ni ɗazu, da mun zauna mun gano, mu yi dariya. Amma tun zuwan mutumin nan kake kallona kana ƙulla wannan a ranka. Kana zuwa gidanmu, kana cin tuwon Mama, kana ce wa Baba sannu da hutawa, ashe a zuciyarka ni 'yar bin gidan maza ce."

"Ban taɓa..."

"Ka faɗi unguwar ma. Har ranar ka zaɓa min."

Sai yanzu idonta ya kawo ruwa. Ta ɗaga kai sama ta mayar da shi. Ta kamo hannunsa, ta buɗe tafin, ta ɗora masa maifai ɗin.

"Ga kayanka. Ka canza masa suna."

Hajiya Rabi ta taso tana gyara mayafi.

"Haba 'yata, ki yi haƙuri, kada ki yanke hukunci cikin fushi. Kai kuma ka tsaya kamar gunki, ba za ka durƙusa ba?"

Zai durƙusa ɗin kuwa, gwiwarsa har ta fara lanƙwasa, sai wayarsa ta ɗauki ƙara a aljihu. Muryar Rifkatu ce ma, wadda ya ɗauka a coci tana jan baiti ya mayar da ita ƙarar kira. Ya zaro ta.

Kawu Timothy. Yayan mahaifinsa, shugaban tafiyar.

Ya rasa yadda zai yi, ya ɗauka. Kawu kuwa irin tsofaffin nan ne da in suna waya sai unguwa ta ji.

"Tanko! Ɗana! Mun wuce Zariya! Mota cike, doya har kan cinyar Gwaggonka! Ka gaya wa surukanmu gobe da hantsi muna ƙofar gida!"

"To... to, Kawu."

"Me ya samu muryarka? Tsoro kake ji tun yanzu? Ina 'yar tamu? Kuna ofis tare ko? Ba ni ita in ji muryarta!"

Rifkatu ta riga ta kai bakin ƙofa. Ta tsaya. Ta juyo, ta dawo, ta miƙa hannu.

Tanko ya girgiza mata kai, idonsa yana roƙo. Ba ta janye hannun ba. Ya ba ta.

Ta ɗan rusuna, kamar tsohon yana gabanta.

"Kawu, ina kwana. Yaya hanya? Lafiya lau, Kawu. Suna lafiya." Ta saurara, ta share ido da bayan hannu. "Kawu, don Allah wata alfarma nake roƙo. Ku sa direba ya ɗan tsaya a gefen hanya kafin ku ƙaraso. Ɗanku yana da labarin da zai ba ku a kaina. Yanzu ya gama ba mutanen ofis."

Ta mayar masa da wayar a hannun da babu maifai, ta fita.

Ta cikin wayar ana jin mota tana rage gudu, ana jin Gwaggo tana tambaya lafiya, lafiya. Sai injin ya mutu.

"Tanko," in ji Kawu Timothy, wannan karon ba da ihu ba. "Mun tsaya. Ina jinka."